Mai Shiga Ɗakin Ƙasa

Ina cikin shekarata ta shida da fara koyarwa a jami'a na roƙi Gwaggo ta ara mini filin da ke bayan gidanta a unguwar Zongo. Yayar mahaifina ce, kuma ita ta riƙe ni shekara uku bayan rasuwar mahaifiyata. Sana'arta goro, tun kafin a haife ni. Ana kawo mata shi huhu-huhu daga Gana, ita kuma ta raba wa matan da ke kasa shi a bakin masallatai da tashoshin mota. Filin da nake so ba wani abin kirki ba ne. Wurin shanya ne, sai wata tsohuwar rijiya da aka daina ja tun da ruwanta ya yi zartsi.

Abin da nake koyarwa shi ne yadda ake tafiyar da aikin gini, daga ranar da aka ja igiya aka fitar da harsashi har ranar da aka miƙa wa mai gida makullinsa: wa zai zo wace rana, wane kaya za a fara saukewa, yadda ake gane bulon da aka yi wa ƙwauron siminti. Amma abin da ya fi cin raina shi ne zafi. A ɗakunan bulon siminti masu rufin kwano na girma, na san yadda mutum ke shiga ɗakinsa da azahar ya fito sharkaf kamar an tsamo shi daga ruwa. Ina so in nuna, da awo ba da baki ba, cewa bulon jar ƙasa da aka sa wa siminti kaɗan aka matse a inji ya fi sanyi a garinmu. Dabarar mai sauƙi ce. A gina ɗaki biyu, girmansu ɗaya, rufinsu ɗaya, ƙofa da taga suna duban wuri ɗaya, ɗaya na siminti ɗaya na ƙasa. A rataye wata 'yar na'ura a cikin kowanne, ba ta fi kwalin ashana girma ba, tana rubuta zafi da danshi kowace awa. Sai a kulle su, a bar su shekara guda.

Gwaggo tana zaune a zaure tana tsince goro na gama mata bayani. Ba ta ɗago ba ta ce, "Duk karatun nan da kika yi, har ƙasar Turawa, ƙasa kika dawo ki kwaɓa mana?"

"Gwaji ne, Gwaggo. Shekara ɗaya kawai."

"Wa zai kwana a ciki?"

"Ba kowa."

Nan ta ɗago ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Na fito da takardar da jami'a ta ce sai mai filin ya sa hannu. Da Faransanci aka rubuta ta, na karanta mata ina juyawa zuwa Hausa layi-layi. Ta karɓa ta ninke ta tura ƙarƙashin tabarma, ta ce in dawo bayan kwana uku. Daga baya na ji cewa har unguwar Amoutivé ta hau zemijan, wato babur ɗin haya, ta kai wa wani tsohon akawu ya sake karanta mata, don ta ji ko abin da na faɗa shi ne a rubuce. Abin ya yi mini ciwo, amma ban nuna mata na sani ba. Ta dangwala yatsa, da sharaɗi ɗaya: ita za ta zaɓi magini.

Wanda ta zaɓa dattijo ne da ya gina rabin gidajen layinsu. Ni Baba nake ce masa, shi kuma Malama. Doguwar riga yake sawa ko a kan gini, ya naɗe ta a ƙugu. A ƙuruciyarsa can arewa da ƙasa ya koyi aiki, amma ya ce ya bar ta tun da ya gangaro bakin teku, kuma bai ga dalilin komawa ba. Ranar da aka sauke jar ƙasar da na sa aka kawo daga wajen gari, na nuna masa takardar gwajin da muka yi mata a jami'a. Bai ko kalle ta ba. Ya ɗebi ƙasar ya jiƙa, ya dunƙule, ya sake ta daga daidai ƙirjinsa ta faɗi, ya tsuguna yana duban yadda ta fashe. Ya ce, "Ba laifi," kamar wanda aka tilasta wa.

Aikinsa ba abin kushewa. Ban taɓa ganin layin bulo miƙe kamar nasa ba. Amma duk tsawon ginin bai sake da ni ba. In na tambaye shi dalilin da ya sa ya yi abu kaza, sai ya ce haka ake yi. In na fito da littafina zan rubuta, sai ya yi shiru. Ranar da na rataye na'urorin ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Malama, wannan abin yana jin magana?"

Na ce ba ya ji, zafi kawai yake aunawa.

"To wa yake kai wa labarin zafin?"

"Ni."

"Ke kuma ki kai wa wa?"

Na yi dariya, shi bai yi ba. Daga ranar na lura in zai wuce ta gaban ɗakunan sai ya rage murya.

Kowane ɗaki na sa masa kwaɗo mai makulli biyu. Na riƙe ɗaya, na ba Baba ɗaya, domin sabon gini yana so a riƙa dubawa daga ciki bayan an yi ruwa mai ƙarfi, ni kuwa a Nyékonakpoè nake zaune, tafiyar da nisa. Na ce duk ranar da ya buɗe ya faɗa mini, don in san abin da zan yi da awon ranar. Ya ce to. Ni kuma duk Juma'a, da yake ba ni da aji, sai in hau zemijan da safe in zo, in kwashe abin da na'urorin suka rubuta a kwamfutata, in ci wake da shinkafa a wurin Gwaggo, in koma kafin a cika titi da masu zuwa masallaci.

Awon watannin farko ya wuce duk abin da na yi mafarki. Muna tsakiyar zafi, ɗakin siminti yana tafasa, ɗakin ƙasa kuwa kamar wanda aka gina a ƙarƙashin bishiya. Na kai wa shugaban sashenmu. Mutum ne mai tsafta, mai sanyin murya, wanda ba ka taɓa sanin abin da ke ransa. Ya juya takardun sau biyu, ya cire tabarau ya ce wannan aiki ne da zai fitar da sunan sashen. Akwai wani taron masana da za a yi a waje, ya ce mu aika da taƙaitaccen bayani tun yanzu. Muka aika, sunansa a gaba, nawa a baya. Aka karɓa. Na yi kamar mako biyu ina jin daɗi.

Abin da ya fara ɓata mini shi ne darasina da kaina. Ina gaban aji ina gaya wa ɗalibai cewa in rahoton da ake aiko maka daga wurin gini ya cika kyau, ba jinkiri, ba ɓarna, ba gardama, to ka sa takalmi ka je ka gani da idonka. Ina faɗa ina jin maganar tana dawo mini. Da aka tashi na koma ofis na buɗe awon danshi, wanda da ban damu da shi ba don zafi nake nema. Sai na ga a ɗakin ƙasa danshi yana tashi kullum da hantsi, lokaci guda, alhali ba a yi ruwa ba. Na bi kwanakin ɗaya bayan ɗaya. Ranar Juma'a ba ya tashi. Ranar Juma'a kuma ɗakin ya fi zafi, har ya kusa kamo ɗan'uwansa. Na tura kujera baya na zauna. Bango bai san Juma'a ba. Wanda ya san ranar da nake zuwa ne ya san ta.

Duk da haka na fara zargin na'urar, don ita ce ba za ta ji haushi ba. Na musanya su, na kai na'urar ɗakin siminti ɗakin ƙasa. Mako ya zagayo, ba abin da ya canja. Sai na fara duban ɗakunan da wani ido. A na siminti ƙura ta kwanta a ƙasa, ina ganin sawun takalmina na makon jiya, gizo-gizo ya yi saƙa a taga. Na ƙasa kuwa fes yake, an share shi, har da layin tsintsiya a lungu. Ni ban taɓa share shi ba. Kwaɗon ɗakin siminti sai na yi ta murɗawa kafin ya buɗe, iskar teku ta fara cin sa. Na ɗakin ƙasa yana jin makulli yake buɗewa.

Na sami Gwaggo a zaure na tambaye ta ko tana ganin wani yana zagayawa baya.

Ta ce, "Ni da nake nan tun safe da masu saye? Ai ba ki ba ni makulli ba, 'yar nan. Ki tambayi wanda kika ba."

A ranar, kafin in kulle, na yagi 'yar takarda na maƙale a saman ƙofa, inda in an buɗe za ta faɗo. Da na dawo Juma'a ta gaba na same ta a maƙale. Har na fara sakin ajiyar zuciya, sai na ga ba a gefen da na sa ta take ba. Wanda ya shiga ya ga ta faɗo, ya ɗauka ya mayar. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Ashe ba mai sakaci ba ne, mai ɓoyewa ne.

Daga nan zuciyata ta tsaya a kan Baba, na kuma yi ta ƙera masa dalilai. Na ce wataƙila a ciki yake hutawa da rana. Sai na ce a'a, mai hutawa ba ya kawo danshi. Ruwa yake zubawa a gindin bango, a hankali, don ginin ya jiƙe ya zube a ce ai dama ya faɗa. Na tuna surukinsa yana da wurin buga bulon siminti a unguwar Agoè, na ce to ga dalili, in bulon ƙasa ya karɓu su waye za su rasa kasuwa. Na duƙa na bi gindin bangon da hannu ina latsawa, ban sami inda ya yi laushi ba, amma hakan bai kwantar mini da hankali ba. Wata rana har shugaban sashe na saka a ciki, na ce ko shi ya turo wani ya riƙa sanyaya ɗakin don awon ya yi kyau kafin taron. Ya wuce ni a baranda ya yi mini murmushi, na bi shi da kallo ina auna murmushin. Na kai inda in Gwaggo ta gaishe ni da fara'a sai in ce ko Baba ya gaya mata wani abu, in ta gaishe ni a daƙile sai in ce to lallai ya gaya mata.

Da na kasa daurewa sai na bi shi wurin da yake aiki, wani gida mai hawa ɗaya da ake ɗorawa a Agoè. Ya kamata in kira shi gefe. Ban yi ba. Na tsaya a tsakiyar fili, leburori suna kwaɓa siminti, na ce, "Baba, wa yake shiga ɗakina?"

Ya sauko daga kan katako a hankali, ya goge hannu a riga. Ya ce, "Malama, sannu da zuwa. Sau biyu na buɗe ɗakin nan, duk bayan ruwa, duk kuma na faɗa miki."

"Ana buɗe shi kullum. Ana zuba ruwa. Makulli biyu ne, ɗaya a jakata yake kwana."

"Ban ce ba a buɗewa ba. Na ce ni ban buɗe ba."

"To wa ke buɗewa?"

Ya kawar da kai. Hakan ya ƙara tunzura ni. Na faɗi abin da har yau nake jin kunyarsa: na ce na san surukinsa bulon siminti yake sayarwa. Na ƙarasa da Faransanci, harshen da nake faɗa da ɗalibai, wanda shi ba ya ji sosai amma leburorinsa suna ji. Na ce aikin wata huɗu ya lalata mini da gangan. Shebur ɗin da ake kwaɓi da shi ya tsaya. Baba ya sa hannu a aljihu ya fito da makullan biyu a ɗaure da zare. Bai miƙa mini ba, ya ɗora su a kan wani bulo da ke tsakaninmu.

Ya ce, "Ga kayanki, Malama. Allah ya kai ki gida lafiya."

Ya juya ya hau katakonsa.

Na koma ina ganin na yi maganin abin. Na bar mako biyu su wuce, na kwashe awo, na buɗe. Danshi yana nan yana tashi da hantsi, Juma'a tana nan daban. Maimakon in ce ashe ba shi ba ne, sai na ce ya yanka wani makulli kafin ya ba ni. Haka zargi ya yi da ni a lokacin: duk abin da ya kamata ya wanke mutumin, sai in juya shi ya zama hujja a kansa.

Wata Talata ɗalibaina suna jarrabawar wani malami, na sami safiya a sake. Ban gaya wa kowa ba. Na sa mai zemijan ya sauke ni a bakin titi, na bi ta lungun baya inda ake zubar da ruwan wanki, na tura ƙyauren langa-langa da ke kusa da tsohuwar rijiya. Ƙofar ɗakin ƙasa a buɗe take wangale. Tun kafin in ƙarasa na ji ƙamshin ɗanyen ganye.

Huhunan goro ne jere a jikin bango, sun kai guda takwas, an lulluɓe su da jiƙaƙƙun buhuna. Ƙasan ɗakin a jiƙe. Gwaggo tana zaune a kan 'yar kujera, ƙwarya a gabanta, tana tsoma hannu tana yayyafa wa goron da ta baje a faifai. Na ɗaga kai na nemi na'urata. Tana nan a rataye inda na bar ta, amma an naɗe ta da yankin buhu, shi ma a jiƙe.

Gwaggo ta dube ni. Ba ta firgita ba. Ta ce, "Yau ba Juma'a ba ce."

"Gwaggo, me ya sa kika rufe wancan?"

"Don kada ya gan ni."

Na zauna a dokin ƙofa. Na ce mata wata huɗu na aikina sun tafi a banza, na ce an karɓi takardata a taron da ban taɓa samun irinsa ba, na ce na je na ci mutuncin dattijo a gaban yaransa saboda ita. Tana saurare tana juya goro, tana ware masu tabo gefe.

Da na gama ta ce, "Wannan na ƙarshen ne kawai laifi, kuma bakinki ne ya yi shi, ba nawa ba. Ni na je na same shi na ce ya ara mini makullin, na kai kasuwa aka yanka mini, na mayar masa kafin la'asar. Ya ce in gaya miki. Na ce ba zan gaya ba, na kuma sa ya rantse shi ma ba zai faɗa ba. Tare muka taso da matarsa, ba zai iya ce mini a'a ba."

"Amma don me? Da kin ce kina son wurin ajiya ai da na san yadda zan yi."

Ta ajiye faifan. Ta ce lokacin da take budurwa Zongo ba nan yake ba, a cikin gari yake, kusa da kasuwa. Wata rana wasu mutane suka zo da igiyar awo da takardu, masu ladabi, suna gaishe da kowa. Aka tambaye su, suka ce awo ne kawai. Ba a daɗe ba aka kwaso su gaba ɗaya aka kawo su nan, lokacin wurin duk daji ne. Na san labarin, kowane ɗan Zongo ya san shi, amma ban taɓa haɗa shi da kaina ba.

Ta ce, "Sai ga ki kin zo da takardar Faransanci, da hatimin hukuma, kin ce in dangwala. Kin gina ɗaki a gidana kin kulle, kin ce ba mai kwana ciki sai abin da ke rubuta labari yana kai wa waɗanda ban sani ba. Ke na yarda da ke, 'yar ƙanena ce. Waɗanda suka aiko ki ne ban sani ba. Na ce in wata rana sun zo sun ce ɗakin nan nasu ne, su tarar da gorona a ciki, su san da mai shi." Sannan ta ƙara, "Kuma goro yana son ɗakin. Ba ya bushewa. Wancan na simintin na gwada kwana biyu, ya fara yaushi, na kwashe."

Ashe na simintin ma ta yanka makullinsa. Na miƙe na warware buhun daga jikin na'urar, na riƙe shi a hannu yana ɗiga.

Washegari na shiga ofishin shugaban sashe na gaya masa komai. Ya tashi ya rufe ƙofa, ya dawo ya zauna. Ya ce, "Wa ya san wannan ban da ni da ke?"

Na ce Gwaggo da maginin.

Ya ce masu taron da zafi suka damu, ba da danshi ba. In aka cire awon danshi daga takardar, aka bar na zafi, ba wanda zai tambaya. Ya faɗe shi a hankali yana duban farcensa, har yau ban sani ba ko shawara yake ba ni ko gwada ni yake yi. Na ce zan rubuta musu in janye. Ya gyaɗa kai kamar dama abin da yake jira ke nan. Har na kama ƙofa ya ce, "Ita gwaggon nan taki, za a iya ganinta?" Sai da na fito na gane abin da yake nufi. Yana tunanin ni na gyara awon da hannuna, na ji tsoro, na ƙirƙiro tsohuwa mai goro. Har tsawon shekara biyu bayan nan, duk abin da na kawo sai ya ce a gaban mutane in haɗo da ɗanyen awon, abin da ba ya ce wa kowa. Ban yi gardama ba. Na san yadda abin yake in ya shiga ran mutum.

Zuwa wurin Baba ya fi wuya. Na roƙi Gwaggo ta raka ni, ta ce ita ba ta zagi kowa ba. Amma ta zaɓar mini farin goro mai kyau ta ƙulle a ganye. Na same shi a ƙofar gidansa bayan la'asar. Na tsuguna na gaishe shi, na ce na zo neman gafara, na faɗi abin da na yi ban rage komai ba. Ya karɓi goron ya ajiye a gefensa.

Ya ce, "Ya wuce, Malama."

Na ce zan je in faɗa a gaban leburorin da suka ji, ya ce ba sai na je ba, sun watse, kowa ya kama wani aikin. Na ce za a sake gwajin, ina so ya ci gaba da duba mini ginin. Ya ce idonsa ya fara rauni, in nemi mai ƙuruciya. Idonsa lafiya lau yake, mu duka mun sani.

Da Gwaggo kuwa sai da muka je gaban limamin unguwa. Aka rubuta sabuwar takarda da ajami, wanda take iya karantawa da kanta, cewa filin nata ne, ɗakunan nata ne, aro ne na shekara guda, ranar da ta cika in kwashe na'urorina in ba ta wuri. Ta ce kuma kowace ƙofa kwaɗo biyu za a sa, nawa da nata, ba mai buɗewa sai da ɗaya. Haka muka yi shekara. Duk Juma'a sai in tsaya a zaure ta gama da masu saye, ta ciro makulli daga bakin zaninta, mu zagaya tare. Tana tsaye a kaina har in gama, ni kuma ina satar duban ƙasan ɗakin ko zan ga layin tsintsiya.

Awon gaskiya da ya fito bai kai na farko armashi ba. Ɗakin ƙasa ya fi sanyi da rana, babu shakka, amma tazarar ba ta isa a kira mutum taro a waje ba. Na buga shi a wata ƙaramar mujalla da ban tabbata mutum ashirin sun karanta ba. A kansa na gina duk binciken da na yi daga baya, kuma bai taɓa ba ni kunya ba.

Bayan wasu shekaru na kai ɗalibai duba wani aiki a can ƙarshen Agoè, inda sababbin gidaje ke cin gonaki. A hanyar dawowa na hangi wani gini da jan bulo, na sa aka tsaya na sauka ni kaɗai. Bulon ƙasa ne, matsattse, layinsa miƙe. Baba yana zaune a inuwa a kan buhu, gemunsa ya yi fari fat, wasu ne ke ɗorawa yana nuna musu da sanda. Ya gane ni tun daga nesa. Muka gaisa, ya tambayi Gwaggo, na ce tana nan sai ciwon gwiwa. Ya ce mai gidan wani ɗan kasuwa ne da likita ya hana shi kwana a zafi, amma ya ce in an gama a shafe bangon da siminti ta waje a yi fenti, kada abokansa su ce ya talauce.

Bai ce in shiga in duba ba, ni ma ban roƙa ba. Har na yi sallama ya ce, "Malama, in ƙasar ta cika yashi, siminti nawa kuke sawa?"

Na faɗa masa. Ya maimaita a hankali. Sannan ya kira ɗaya daga cikin masu aikin ya ce gobe a buga bulo uku yadda na faɗa, uku kuma yadda suka saba, in sun bushe a jefa su duka a durom ɗin ruwa a bar su kwana biyu.

Ya ce, "Sai mu gani."

Ɗalibai suna ta danna mini hon daga bakin hanya. Na ce masa hakan ya yi daidai, na tafi.